Ba A Bakin Kwana Ake Shirin Shan Kwana Ba



Muna godiya ga Allah da ya tara mu a nan lafiya, muna kuma gode wa ƙungiya da ta ba mu wannan dama. Wataƙila waɗansu za su ce, a taron 'yan jami'a, inda aka saba jin zancen tattalin arziki da tsarin mulki, me ya kawo maganar shan kwana? To, ga dalilinmu. A zangon karatun da ya wuce, wani abokin karatunmu ya hau acaɓa da safe zai tafi Kongo ɗaukar lacca. Da suka iso wata mahaɗa a nan Tudun Wada, sai suka tarar da wata tirela ta buɗa wajen hagu, ta bar fili a hannunta na dama. Ɗan acaɓa ya zaci hagu za ta yi, ya kutsa cikin filin. Ashe dama za ta shiga, buɗawar da ta yi don dogon jikinta ya sami wurin juyawa ne. Tayoyin baya suka same su. Allah ya sa da sauran shan ruwa, amma abokin namu ya karye a cinya, jarrabawa ta wuce shi, shekara guda ta salwanta.

Da muka je dubiya, kowa ya buɗe baki sai ya ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Mu ma mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun koya mana cewa sai an ɗaure raƙumi tukuna ake tawakkali. Da muka zauna muka bi abin daki-daki, sai muka ga tun kafin a iso bakin mahaɗar nan aka yi kuskuren, lokacin da kowane ɗaya daga cikinsu ya zaɓi inda zai tsaya a kan kwalta. Wannan shi ne jigon jawabinmu: inda mutum ya ajiye abin hawansa a kan hanya magana ce yake yi wa sauran jama'a, kuma yawancin haɗarin kwana daga maganar da aka yi ba daidai ba ne, ko wadda aka ji ba daidai ba.

Bari mu fara da garin da muke ciki. Turawan mulkin mallaka suka kafa Tudun Wada a farkon ƙarni na 20, don baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birnin Zazzau ba, ta zauna tsakanin Birni da Sabon Gari. Saboda wannan matsayi nata ta zama mashigi. Wanda ya fito ta Ƙofar Doka zai tafi kasuwar Sabon Gari, da ɗalibin da ya taso daga Samaru ya biyo ta Kwangila da PZ ya haye Kubanni zai je Kongo, da mai zuwa Gyallesu, da mai neman hanyar Gaskiya, galibi nan suke ratsawa. A nan babban asibitin koyarwa na jami'a yake kafin ya koma Shika a 2005. Titunan da aka shata a zamanin keke da jaki da 'yan motoci ƙalilan, su ne yau bas da tifa da tirela da Keke Napep da acaɓa da mai tura baro suke rububi a kai. Duk wanda ya tsaya minti goma a Agoro da yamma ya san abin da muke nufi.

Har ila yau akwai wani tarihi da ya kamata mu tuna. Ran Lahadi 2 ga Afrilu, 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu, wanda ta gada daga Ingila, ta koma hannun dama, don ta daidaita da maƙwabtanta, watau Nijar da Cadi da Kamaru da Dahomey. Gana ta bi sahu a 1974. Wannan sauyi ya juya ma'anar kwana ɗungurungum. Kafin ranar nan, mai shiga dama shi ke ratsa gaban motocin da ke fuskanto shi. Daga ranar nan kuwa sai mai shiga hagu ya gaji wannan haɗari. An yi shela a rediyo da jarida, an kafa alluna, jama'ar ƙasa guda suka sauya ɗabi'ar da suka tashi a cikinta a rana ɗaya. Suwidin ta yi irin wannan sauyi a 1967, aka ga haɗari ya ragu a watannin farko don kowa yana tafe a tsorace, sa'an nan da aka saba, cikin kamar shekara biyu, ya koma inda yake. Darasin a fili yake: mutanenmu suna iya koyo in an koya musu, amma hattara aba ce mai dusashewa in ba a sabunta ta. Bayan sauyin da shekara uku, a 1975, kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, kamfanin Peugeot kuma ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Motoci da babura suka yawaita, amma sai a 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda Farfesa Wole Soyinka ya fara shugabanta. Watau dai abin hawa ya riga tarbiyyar tuƙi isowa.

Me ya sa mahaɗa ta fi miƙaƙƙiyar hanya haɗari? Injiniyoyin hanya sun lissafa cewa a mararraba mai hannu huɗu akwai wurare 32 da hanyar wata mota ke iya gittawa, ko haɗuwa, ko rabuwa da ta wata. A mahaɗa mai hannu uku wurare 9 ne, a shataletale mai layi ɗaya kuwa 8. Sa'an nan motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, tun direba bai kai ƙafa kan birki ba. In kuma gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata ninkawa huɗu yake yi. Saboda haka wanda ke bayanka ba shi da lokacin da zai tsaya yana kintacen abin da ke zuciyarka. Abin da ya gani shi zai yi aiki da shi.

To, yaya ake shan kwana yadda ya kamata? Tsarin ɗaya ne, kuma jerinsa ba ya sauyawa: a duba madubi, a ba da sigina, a koma hannun da ya dace, a rage gudu, a sake dubawa, sa'an nan a juya sitiyari. Duk wannan tun daga nesa ake fara shi, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Mai shiga dama, sai ya matso gefen dama tun da wuri, har ya zamana babu filin da babur zai kutsa tsakaninsa da lambatu. Kada ƙaramar mota ta kwaikwayi tirela, ta buɗa hagu kafin ta shiga dama. Ba ta da bukatar haka, kuma yin haka ƙarya ce take yi wa na baya. Kafin ya juya, ya waiga ta kafaɗa, domin akwai wani gefe da madubi ba ya nunawa, kuma a nan ne babur yake ɓuya.

Mai shiga hagu, shi ne aikinsa ya fi nauyi. Sai ya matso kusa da tsakiyar titi ba tare da ya tsallaka hannun wasu ba, don na bayansa su sami wucewa ta damansa. Ya tsaya ya jira masu tahowa, hanya tasu ce. Yana jira, tayoyinsa na gaba su kasance a miƙe. In ya riga ya karya sitiyari wani ya buge shi ta baya, gaban masu tahowa za a tunkuɗa shi. In hanya ta samu, ya zagaya tsakiyar mahaɗar ya faɗa hannunsa na dama a sabon titin. Yanke kwana, watau kurɗawa ta hannun masu fitowa don a rage taku biyar, shi ke haɗa mutane gaba da gaba. Ya kuma yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, ido yana raina babur, yana ganin ya fi nisa kuma ya fi jinkiri bisa ga yadda yake. Na biyu, in direban babbar mota ya tsaya ya yafito ka ka wuce, hannunsa kaɗai ya ba ka. Bai san abin da ke tahowa ta gefensa ba.

A shataletale, wanda ya riga ya shiga, watau mai tahowa ta hagunka, shi ke da hanya. Mai tafiya a ƙasa da ya riga ya fara tsallaka titin da za ka shiga, a dakata masa. Kunna sigina biyu gaba ɗaya don a nuna wai za a miƙe, al'ada ce da muka ƙaga wa kanmu, ba ta cikin dokar hanya. Fitilun nan na motar da ta sami matsala ne. Game da tirela da tanka kuwa, tayoyin bayansu ba sa bin sawun na gaba, ciki suke yankowa. Filin da suka bari a gefe ba kyauta ba ce, tarko ne. In ba ka hangen madubin direba, shi ma ba ya hangenka.

Wani zai ce, ai mu ɗalibai ne, ba mu da ko keke, wannan wa'azi na direbobi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Wannan tsararmu ce da ta ƙannenmu. Ban da haka, mu faɗa wa kanmu gaskiya, muna da hannu a ciki. Mu ne muke makara, mu hau bayan ɗan acaɓa muna cewa, "Malam, yi sauri, za a rufe ƙofa." Mu ne muke tsai da Keke Napep a daidai bakin kwana don ƙyuyar taku ashirin, ya tare wa kowa gani. Mu ne muke yin shiru in direba ya bi hannun da ba nasa ba, har mu yaba masa wayo. Ɗan acaɓan nan abincinsa yake nema, kuma abin da fasinja ke so shi yake sayarwa.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, da mu da za mu bi sahunku in Allah ya yarda, motar farko tana zuwa da wata jarrabawa. Sau da yawa mutum yakan koyi tuƙi a fili cikin mako guda, ya nemi lasin ta bayan fage, ya fito titi yana ganin digirinsa ya ba shi hanya. Kwalta ba ta san digiri ba. Abin kunya ne mutumin da ya karanta dokar ƙasa shafi-shafi a Kongo ya kasa karanta ɗan littafin dokar hanya.

Saboda haka muna roƙon abu uku. Na farko ga kanmu: mu yi alkawari ba za mu ƙara hawa ko sauka a bakin mahaɗa ba, ba za mu ƙara zuga mai ɗauke da mu ba, in kuma muka ga zai kutsa gefen babbar mota, mu dafa kafaɗarsa mu ce, "Malam, dakata, ba ma sauri." Na biyu ga ƙungiyarmu: ta gayyato jami'an kiyaye haɗurra da shugabannin 'yan acaɓa da na direbobi a farkon kowace shekarar karatu, a zauna da sababbin ɗalibai, a yi bayanin nan da Hausa, a zana shi a allo. Na uku ga hukuma: a shafa farin fenti a mahaɗun Tudun Wada don kowa ya ga hannunsa da inda zai tsaya, a matsar da wuraren lodi da teburan 'yan tireda nesa kaɗan da bakin kwana, a sama musu wani wuri ba tare da an tozarta kowa ba. Waɗannan ba ayyukan biliyoyin naira ba ne.

Abokinmu ya dawo makaranta, yana ɗingishi, yana aji ɗaya da waɗanda da yake gaba da su. Da muka gaya masa za mu yi wannan jawabi, abin da ya ce kawai shi ne, da sun jira daƙiƙa biyar, da tirelar ta wuce. Magabata sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, mu kuwa ba shekara ake nema a wurinmu ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye mu a hanya, ya kai kowa gida lafiya.