Ƙididdiga da Gwaji a Binciken Ilmi

(Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasan ma'aikata a unguwar Kabara, cikin birnin Kano)



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne amfanin alƙaluman ƙididdiga da gwaji wajen binciken ilmi. Wani zai ce wannan ai aikin masu lissafi ne. To, amma yawancinku gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin ilmi, ku ne za a kawo wa fayil a ce ku sa hannu a gina aji ko a sayi littafi. Wanda ya sa hannu bisa zato, kuɗin talakawa ya zubar, kuma shekarun yaro ya ɓata, alhali shekarun yaro ba sa komowa.

Bari mu fara da ƙirga. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Masu tsara shirin sun yi kirdadon yara wajen miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3 sun hallara. Azuzuwa suka kasa, malamai suka kasa, aka yi ta karatu a gindin bishiya, aka ɗauki waɗanda ba su sami horo ba aka ba su alli. Daga ina kuskuren ya fito? Ba a rajistar haihuwa sosai, ƙidayar 1963 tana cike da gardama, ta 1973 kuwa gwamnatin Janar Murtala ta soke ta a 1975. Ga kuma yaran da suka wuce shekara shida, waɗanda su ma iyayensu suka kawo su. Niyya ta yi kyau, amma an yi gini ba a auna fili ba.

Sai dai ƙirga kaɗai ba ta wadatar, domin adadi yana faɗin abin da aka ƙirga ne kurum. Wannan unguwa da muke zaune, wadda ta ci sunan Malam Umaru Kabara, ta kuma fitar da Shehu Nasiru Kabara, an daɗe ana karatu a zaurukanta tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909. Idan mai bincike ya shigo da takardar tambayoyi wadda ba ta san karatu ba sai na boko, zai rubuta mai karanta Ishiriniya da ajami a sahun jahilai, ya koma ofis da adadi tsaf, amma ƙarya. Saboda haka duk lokacin da aka miƙo muku adadi, ku tambaya: wa aka ƙirga, wa aka bari, da wane ma'auni?

Haka kuma ku yi hattara da matsakaicin maki. A ce aji mai yara 60, goma sun ci maki 90, saura 50 sun ci 30. Matsakaici ya zama 40, ga shi kuwa babu yaro ko ɗaya da ya ci 40. Hedimasta zai ce ajin ya kusa, alhali kashi biyar cikin shida suna can baya.

Yanzu sai gwaji. Ƙididdiga tana nuna abin da ke akwai, gwaji kuwa shi ke nuna dalili. Idan aka ga makarantu masu littattafai sun fi cin jarrabawa, ba lalle ne littafin ya jawo ba, watakila 'ya'yan masu hali ne a can, masu cin abinci su ƙoshi. Maganin wannan ruɗani daga gona ya fito. Cikin shekarun 1920, a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, R. A. Fisher ya nuna cewa in ana son sanin amfanin taki, sai a yanka gona kashi-kashi, a bar ƙuri'a ta zaɓi inda za a zuba da inda za a bari. Wanda ya taɓa ganin filayen gwaji na Samaru ya ga wannan dabara da idonsa. A makaranta ma haka ne: rukuni biyu masu kama da juna, a gwada sabon abu a ɗaya, a bar ɗayan yadda yake, a auna su kafin a fara da kuma bayan an gama. Amfanin ƙuri'a shi ne kada jami'i ya zaɓi makarantar garinsu, ko wadda ya san dama za ta ci.

A ƙasar nan an yi irin wannan yunƙuri. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya fara gwajin koyar da yara da Yarabanci har shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, aka kwatanta su da waɗanda aka juya wa harshe zuwa Turanci bayan aji uku. Yaran Yarabanci ba su gaza a Turanci ba, kuma sun yi fice a wasu darussa. Amma masu suka sun ce ajin gwajin na farko an ba shi ƙwararren malamin Turanci na musamman, to, ina za a rataya nasarar, a wuyan harshe ko a wuyan malami? Wannan suka ce mai ma'ana, kuma darasi ne gare mu: in ka sauya abu biyu lokaci guda, ba ka san wanda ya yi aiki ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi fara karatu da harshen gida, kuma tun daga nan ake kai-kawo a kan batun. Gardama irin wannan gwaji ne ya kamata ya raba ta, ba ɗaga murya ba.

Wani lokaci gwaji yakan kunyata abin da kowa ya yarda da shi. A yammacin Kenya, cikin shekarun 1990, Michael Kremer da abokan aikinsa sun raba littattafai ga makarantun da aka zaɓa ba tare da son rai ba. Sai aka tarar yaran da dama suke kan gaba ne kaɗai suka ƙaru, domin littattafan da Turanci suke, sun fi ƙarfin saura. A Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta gwada raba yara bisa ga abin da suka iya, ba bisa shekaru ko aji ba, aka ga ci gaba sosai. Irin waɗannan ayyuka ne suka sa aka ba Kremer da Abhijit Banerjee da Esther Duflo kyautar Nobel a 2019. A shekarar ce kuma aka fara gwada wannan hanya a nan Jihar Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, ƙarƙashin shirin KaLMA.

Ku dubi abin da kyau. Malamin allo a Kabara ba ya ba yaro izinin wanke allonsa sai ya biya daidai, kuma kowane almajiri yana kan nasa karatun, ba a jan shi don tsaransa sun wuce. Ban ce makarantar allo ba ta da nata matsaloli ba, amma wannan ƙa'ida da masana suka tabbatar da gwaji tana zaurenmu tun kaka da kakanni. Da mun auna ta mun rubuta, da mu za a zo tambaya.

Akwai amana a cikin wannan aiki. Yara ba buhunan gyaɗa ba ne. A nemi yardar iyaye, a ɓoye sunayen yara, in kuma sabuwar hanya ta yi amfani a kai ta ga rukunin da aka bari. Wanda ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ya cike takardun tambayoyinsa da kansa don ya gama kundin digiri, ya sani tauye mudu ya yi, kuma wata rana za a ɗora shawara a kan ƙaryarsa. In gwajinka ya nuna babu bambanci, ka rubuta haka, domin shi ma sani ne, zai hana a yi asarar kuɗi.

Abin da nake roƙonku ƙarami ne. Wanda yake koyarwa ya ɗauki ɗan gajeren labari da Hausa, ya sa kowane yaro ya karanta masa na minti ɗaya, ya rubuta kalmomin da ya karanta daidai, ya sake aunawa a ƙarshen zango. Wanda yake ofis kuma, in an kawo masa sabon shiri, ya tambaya a ina aka gwada shi, da wa aka kwatanta, me aka samu.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar na baya.