Jawabin Shugaban Makaranta a Walimar Saukar Alƙur'ani

   

Rana ta yi, ba zan tsare ku da dogon zance ba.

Littafin da yaran nan suka sauke surori 114 ne, izu 60. Da a ce ranar da aka kawo su an danƙa musu shi dungurungum an ce ga aikinku, da rabinsu sun tsere gida kafin la'asar. Magabatanmu sun san haka. Da babbaƙu suke farawa, sai farfaru, kafin yaro ya iya haɗa baƙi. Kowane izu kuma an raba shi sumuni takwas, 480 ke nan gaba ɗaya. Ƙolo kuwa ko sumunin ba a ba shi, layi biyu ko uku ne a allo. Ya yi ta biyawa har ya zauna masa, ya kawo wa malam, a ce ya wanke. Ya jingine allon a jikin bango ya sha iska, ya tsuguna yana jira da tawada a yatsu, a rubuta masa na gaba.

Iyaye, ku yi mini afuwa. Sau da yawa uba yakan tare ni a bakin zaure ya ce, "Malam, yaushe zai sauke?" Ban ga laifinsa ba, ɗoki ne. Amma da zai tambaye ni allo nawa ɗansa ya wanke a makon nan, da na ba shi amsar da zai yi aiki da ita. Wanda aka gaggauta, shi ne za ka tarar ya kai Baƙara alhali Amma ta zube masa. Alƙur'anin kansa a cikin shekara 23 aka saukar da shi.

Ku kuma 'ya'yana masu sauka, gardi bai kwana ya tashi gwani ba. Tilawa ce a gabanku yanzu. Ku riƙe izu biyu kullum, ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan isha, wata na cika kun kai ƙarshe. Mai burin rubuta satu da ka, ya fere alƙalaminsa ya fara da shafi guda.

 Yanzu za a kira ku ɗaya bayan ɗaya, kowa ya taso da allonsa na zayyana.