Dashi a Jigawar Tenhiya: Yadda Ake Gane Shi da Inda Yake Fitowa



Wanda ya bi ƙasar Tenhiya, arewa da Tanut, a watan Maris zai ga wani gajeren itace tsaye tsirara, ba ganye ko ɗaya, rassa a murɗe. Baƙo zai rantse ya mutu. Dashi ke nan, wanda masana tsirrai ke kira Commiphora africana, Buzaye kuma su ce adaras. Ɗan'uwan hano ne, kuma danginsu ɗaya da itacen mur na ƙasar Somaliya da Yaman.

Matsalar gane shi ita ce yawancin shekara ba ya da ganye. Yana zubar da shi da zarar damina ta ɗauke, ya sake tohowa in bazara ta kawo danshi, wani lokaci tun ruwa bai sauka ba. Don haka wanda ya dogara da ganye zai sha wuya. A fara da ɓawo: toka-toka ne, yana saɓulewa siriri kamar takarda, ƙarƙashinsa kore shar. A karce da farce. In da rai, ƙaro zai tsattsafo, ƙamshinsa ya bugi hanci, irin wanda mata ke sawa a turare. Sai ƙaya. Ta kandili bibbiyu take fitowa a gindin ganye, ta aduwa doguwa ce kore, amma ta dashi reshen ne da kansa yake ƙarewa da tsini. Wannan kaɗai ya isa raba gardama.

Furensa ƙanana ne, jajaye, suna riga ganye fitowa. Ganyen kuwa kunne uku ne, na tsakiya ya fi girma, gefensa da ƴan haƙora. Kuma galibi akwai namiji akwai mace, shi ya sa za a ga wani ya yi ƴaƴa, na kusa da shi ko ɗaya.

Mazauninsa tudun yashi da ya zauna da kuma ƙasa mai tsakuwa. Ba ya son fadama inda ruwa ke kwanciya. Ana samunsa daga Senegal har Habasha, amma a nan ya fi yawa daga arewacin Damargu zuwa Tadarast. Raƙuma da awaki na cin ganyensa, kuma in aka sari reshe aka kafa, yana kamawa, abin da ya sa ake shinge da shi.

Sai dai bai kai anza jure ƙishi ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dashi da yawa a Sahel, wanda ya rage kuma gatari na binsa da sunan busasshe ne. A ganina, masu ƙidayar itatuwa su ma suna da laifi in suka fita da rani suna duba daga mota. Shawarata ga ma'aikatan gandun daji a Tanut da Belbeji ita ce su sauka su karci ɓawo, su kuma tafi da makiyayi, ya fi mu sanin wane tudu ke da dashi.