Matasa da Yaƙi da Kwararowar Hamada



Mu ma'aikata mun saba da bikin dashen itatuwa: a dasa, a ɗauki hoto, a watse, awaki su ƙarasa aikin. To, mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi. Tun wajen 1983 manoma can suka fara barin kututture ya yi toho a gona, su rage rassa, su kare shi. Ana ƙiyasta itatuwa miliyan 200 Nijar ta samu ta haka, gawo da sauransu. Reno ne, kuma reno sai mai jini a jika.

Roƙona shi ne a ba kowane aji itatuwa goma a harabar makaranta, su rene su har su fita. Kuɗin shinge kuwa, mu tsofaffin ɗalibai za mu biya.