Ina Raccah Rovers? Darasi Daga Ƙungiyoyin Wasa Da Suka Mutu



Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Saboda haka muka ga ya kamata yau mu waiwayi waɗansu ƙungiyoyin wasa da suka yi tashe a zamaninsu, sa'an nan suka ɓace, domin mu san abin da ke kashe ƙungiya, mu kuma san abin da ke raya ta. Wani zai ce ai wasa ne, me ya kawo shi zauren masu ilmi? Amsarmu ita ce, ƙungiyar wasa ita ce makarantar farko da matashi ke koyon riƙon amana da bin shugaba da haƙuri in an ci shi. In ta mutu, wannan makarantar ce aka rufe.

Bari mu fara daga kusa. A shekarar 1978 wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano, mai suna Raccah Rovers, ta zama zakaran Nijeriya baki ɗaya. A wannan shekarar ne kuma ta kara da Fluminense ta ƙasar Burazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin 'yan wasan baƙin. A 1979 ita ta wakilci ƙasar nan a gasar zakarun Afirka. Yau babu ta. Kano sai da ta jira shekara 30 cur, watau har 2008, kafin Kano Pillars ta sake kawo mata wannan kofi. Ita Pillars ɗin ma an kafa ta ne a 1990, bayan da aka narkar da ƙungiyoyi uku wuri ɗaya: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Biyu daga cikinsu sunayen ma'aikatu suke ɗauke da su, na hukumar ruwa da na banki. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

In muka gangara kudu, labarin ya fi fitowa fili. Leventis United ta Ibadan ta kamfani ce. Ta kai wasan ƙarshe na gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1985, inda Al Ahly ta Masar ta sha da kyar a hannunta, ta kuma zama zakaran Nijeriya a 1986. Kafin shekarun 1980 su ƙare masu ita sun rushe ta. Haka Abiola Babes ta Abeokuta, wadda attajiri Cif M.K.O. Abiola ya ɗauki nauyinta: ta ci Kofin Kalubale a 1985 da 1987, ba a daɗe ba mai ita ya janye hannunsa, ta watse. BCC Lions ta Gboko kuwa har kofin Afirka ta ɗauko a 1990, amma da kamfanin simintin da ke ciyar da ita ya shiga wahala, sai ta dusashe ta ɓace daga manyan gasanni.

Jama'a, ku lura da abu guda. Waɗannan uku ba rashin iya wasa ya kashe su ba, domin kowaccensu ta ɗaga kofi. Abin da ya haɗa su shi ne, kowacce a aljihu ɗaya take ci. 'Yan kallo suna da yawa, suna tafi, suna kirari, amma ba su da ko taro a cikinta, ba su kuwa da bakin magana ranar da aka yanke shawarar rufe ta. Rigar aro ba ta rufe katara.

Kada mu ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Ingila da Ostareliya akwai wani wasa da ba mu saba da shi ba a nan, watau zari-ruga irin na mutum 13 a kowane ɓangare. Asalinsa ya dace da zancenmu ƙwarai. A 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar wasan, domin 'yan wasansu leburori ne na masaƙu da ramukan kwal, kuma hukumar ta hana a biya su ladan aikin da suka rasa ranar wasa. Wasan talakawa ne tun tushe, amma duk da haka maƙabartarsa cike take da ƙungiyoyi. Manningham, wadda ta fara zama zakara, ta bar wasan a 1903 ta koma ƙwallon ƙafa da sunan Bradford City. Broughton Rangers, wadda ta haɗa kofuna biyu a 1902, ta bar unguwarta ta asali, daga baya ta sake suna, ta mutu a 1955. A zamaninmu, Toronto Wolfpack ta Kanada, da aka kafa a 2016 bisa kuɗin attajiri guda, ta hau har babbar gasar Ingila. Da annobar korona ta zo a 2020 sai ta janye, 'yan wasanta suna bin bashin albashi.

To, amma ga ɗaya da ta ƙi mutuwa. South Sydney ta Ostareliya an kafa ta a 1908, a unguwannin ma'aikata. A ƙarshen 1999 masu gasar suka rage yawan ƙungiyoyi, suka fitar da ita. Ita kuwa tana da 'yan ƙungiya masu kati, masu biyan kuɗi, masu zaɓen shugabanni. Suka fito kan titunan birnin Sidni dubbai, suka tara kuɗin shari'a, suka yi nasara a kotu a 2001, aka mayar da ita gasar a 2002. A 2006 'yan ƙungiyar da kansu suka jefa ƙuri'a suka sayar wa attajirai biyu kashi uku cikin huɗu, suka riƙe ɗaya. A 2014 ta zama zakara. Ashe ba kuɗin attajiri ne abin gudu ba. Abin gudu shi ne attajiri ya zo ya tarar babu jama'ar da za ta gindaya masa sharaɗi.

Yanzu mu komo gida. Babu unguwa a Dutsin-Ma ko Kurfi da ba ta da yara masu buga ƙwallo da la'asar, kuma kowa a nan ya san yadda ƙungiyoyinmu ke haihuwa da yadda suke mutuwa. Zaɓe ya kan gabato, mai neman kujera ya sayo riguna da sunansa a baya, a sa kofi, a yi hoto. Zaɓe ya wuce, riguna su yage, shi ke nan. Ko kuwa wani ma'aikaci mai kishi ya riƙe ƙungiya da albashinsa, ranar da aka yi masa canjin wurin aiki ita ce ranar jana'izarta. Mu ɗalibai ma baƙi ne. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana karɓar ɗalibai tana sallama, kowa shekara huɗu ko biyar ya ɗauki takardarsa ya tafi. A sama kuma, Katsina United da Kano Pillars duka na gwamnatocin jihohi ne, watau shi ma aljihu ɗaya ne, sai dai babba.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu.

Na farko, kowace ƙungiya ta zama da 'yan ƙungiya masu kati, ba 'yan wasa kaɗai ba. A shigo da tela da mai shayi da ɗan acaɓa da mahauci, domin su ne ba a yi musu canjin wurin aiki. Mutum 200, kowa naira 500 a wata, naira 100,000 ke nan, kuma babu wanda zai tashi rana ɗaya ya janye ta duka.

Na biyu, a rubuta dokokin ƙungiya, a zaɓi ma'aji da mai binciken kuɗi, a karanta lissafi a gaban kowa sau ɗaya a shekara. Nan ne amfaninmu yake, mu da muka yi boko. Aikinmu mu koya wa 'yan gari riƙon littafi, ba mu ƙwace musu shugabanci ba.

Na uku, a nemi takardar filin wasa daga ƙaramar hukuma da sunan ƙungiya. Garuruwanmu suna faɗaɗa, kuma filin da ba shi da takarda, wata rana za a wayi gari a tarar an kafa masa duwatsun awo. Yayyenmu ma'aikata sun san ofishin da ake bi, muna roƙonsu su shige gaba.

Na huɗu, a karɓi gudummawar attajiri da ɗan siyasa da hannu biyu, a gode musu, amma kada a ba su sunan ƙungiya. Sunan na gari ne ko na unguwa. A kuma ajiye littafin tarihi, a rubuta sunayen 'yan wasa da sakamakon kowane wasa, domin jikokinmu su sami abin karantawa.

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Raccah Rovers ta kara da Pele, amma yau yaro ɗan shekara 15 a Kano da wuya ya san sunanta. In ta faru ga zakaran ƙasa, ina ga ƙungiyar unguwarmu? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna fata kafin hutun ƙarshen zango kowane ɗayanmu ya je wurin ƙungiyar da ke kusa da masaukinsa, ya tambayi littafin kuɗinta. In babu, ya sayi littafi ya kai musu.

Allah ya sa mu dace, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.