Maganin Zafi Da Ke Cikin Jikinka



Kun sha ganin manomi ya sari ƙafarsa da fartanya yana tsakiyar aiki, ko ɗan dambe ya fashe baki, amma bai ji zafin sosai ba sai bayan an tashi. Wannan ba tauri ba ne, ba kuwa laya ba ce. Ga yadda abin ya ke.

In ka ji rauni, wata jijiya ce ke ɗaukar labarin ta kai shi laka, watau farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya. A nan ta ke tsayawa. Sai ta fesa wani sinadari ga jijiya ta biyu, ita kuwa ta haura da labarin zuwa ƙwaƙwalwa. Sai ya isa can sa'an nan ka ke jin zafi.

To, a wannan mahaɗa akwai 'yan ƙananan jijiyoyi masu tsaron ƙofa. In mutum yana cikin haɗari ko fama, ƙwaƙwalwa ta kan aiko musu da umurni, su saki wani magani da a ke kira enkefalin. Aikinsa biyu ne: ya rage feshin jijiya ta fari, ya kuma sanyaya ta biyu don kada ta yi saurin amsawa. Raunin yana nan, labarinsa ne aka tare a hanya. Wasu masana biyu, John Hughes da Hans Kosterlitz, su suka gano shi a Aberdeen ta ƙasar Sikotilan cikin 1975.

Enkefalin ba ya daɗewa, nan da nan jiki ke narkar da shi. Amma mofin da kodin da tiramol, su ma waɗannan ƙofofi su ke kamawa, su yi sa'o'i ba su saki ba. Wanda ya lazimci shansu, ƙofofin su kan daina amsawa sosai, sai ya ƙara yawa. Ran da bai samu ba, duk jiki ya ɗau ciwo. In kuwa ya zarce, numfashi na iya tsayawa. Cikin 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

Saboda haka kada ku sha irin waɗannan sai da izinin likita. Raunin da bai yi zafi da fari ba kuwa, a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a kai mai shi asibiti a duba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.