KU ƘI WANNAN TSARIN MULKI: JAWABIN UNITED PARTY GA MUTANEN BAWKU DA ZANGUNAN KAN IYAKA

Sarakunan zango, malamai, dattawa, iyayenmu mata, fatake da samari, Allah shi saka muku da alheri da kuka taru.

A watan nan na Afrilu 1960 gwamnati za ta yi muku tambaya biyu. Ta fari, kun yarda da sabon tsarin mulki? Ta biyu, wa zai zama Shugaban Ƙasa, Dokta Nkrumah ko Dokta Danquah?

'Yan C.P.P. suna cewa magana ɗaya ce, a sallami Gwamna-Janar, Gana ta zama jamhuriya ran 1 ga Yuli. To, in Gwamna-Janar ya tafi, hannun wa iko zai faɗa? A takardar da suka rubuta, mutum ɗaya shi ne shugaban ƙasa, shi ne shugaban gwamnati, shi ne babban kwamandan soja. Shi zai naɗa ministoci da alƙalai. In ya so ya rushe Majalisa, in ya so ya ƙi sa hannu a dokar da ta yi. In ya zalunce ka, gaban wa za ka kai kuka?

Kun san abin da ya sami Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan na Kumasi a 1957. Aka ce su bar ƙasa. Suka tafi kotu suna cewa su 'yan Gana ne. Alƙali bai yanke hukunci ba, sai Majalisa ta yi doka da sunansu su biyu, ta kashe shari'ar, aka kai su Nijeriya. A 1958 aka kawo dokar tsare mutum har shekara biyar ba shari'a. A 1959 aka rushe majalisun jihohi, har da ta Arewa. Duk wannan an yi shi tun ikon bai kai na sabon tsarin ba.

Ku da ke kan iyaka abin ya fi shafa. Wanenku ba shi da dangi a Togo, ko ƙasar Mosi, ko Kano? Wanenku ke da takardar haihuwa a aljihu? Ran da aka ce kai baƙo ne, shanunka da goronka da gidanka sai ka bar su. Kotu mai ƙarfi ita ce garkuwar talaka.

Shekarar Gana uku kacal da samun mulkin kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsarin mulki ba rigar mutum ɗaya ba ce, jikokinmu ma shi za su tarar.

Ranar ƙuri'a ku fita da sassafe, ku tafi da matanku da maƙwabtanku. Ku ce A'A ga tsarin nan. Ku zaɓi Dokta J. B. Danquah.

Allah shi ba mu zaman lafiya. Wassalam.